Yadda ake auna kasuwar gidaje a gaɓar tekun Legas kafin a zuba kuɗi

Duk mai son sayen gida ko fili tsakanin Eti-Osa da Ibeju-Lekki zai ji magana ɗaya daga bakin dillalai: farashi kullum sama yake yi. Ba ƙarya suke yi ba, amma tashin farashi a naira daban, riba daban. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Gidan da aka saya miliyan 50 kafin wannan sauyi, aka sayar miliyan 100 bayansa, ya ninka a baki, amma in aka juya kuɗin zuwa dala ya sauko daga kusan dubu 108 zuwa ƙasa da dubu 70. Rodi, tayil, wayoyin lantarki da injin janareta kuwa duk farashinsu dala yake bi.

Saboda haka fara da lissafin haya. Nemi kuɗin hayar da ake biya yanzu a gidaje uku ko huɗu masu kama da wanda kake so, a layi ɗaya, daga bakin masu zama a ciki ba daga allon talla ba. Raba hayar shekara da farashin gidan. A ce gida miliyan 120 ne, hayarsa miliyan 6: kashi 5 cikin ɗari ke nan. Daga ciki cire harajin filaye na jiha, gyare-gyare, da aƙalla wata ɗaya ko biyu da gidan zai iya zama babu kowa. Abin da ya rage ka gwada shi da abin da kuɗin zai samo a wani wuri. A 2024 takardun lamunin gwamnatin tarayya na shekara ɗaya sun biya sama da kashi 20, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba, Babban Banki kuma ya ɗaga kuɗin ruwansa zuwa kashi 27.5. A irin wannan yanayi, wanda ya ci bashin banki ya sayi gidan haya, hayar ba za ta biya ko ruwan bashin ba.

Sai takardu, kuma nan ne aka fi tafka asara. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma gwamnatin Legas ta daɗe da karɓe manyan yankuna a hanyar Lekki zuwa Epe. Abin da ta saki wa ƙauyuka shi ne wanda aka buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. In mai sayarwa ya ce "ana kan aikin fitar da shi" daga hannun gwamnati, to filin bai fita ba, kuma ba lallai ya fita ba. Ɗauki safiyo mai rajista, naka ba na mai fili ba, ya je ya ɗauki lambobin kusurwoyin filin da kansa, a kai ofishin Babban Safiyon jiha a duba ko yana cikin wurin da gwamnati ta ware wa hanya ko wani aiki. Dalilin zuwansa da kansa shi ne ana iya nuna maka taswira mai kyau ta wani fili, a tsayar da kai a kan wani. Lauya kuma ya bincika rajistar filaye ta jiha da ke Alausa a Ikeja: sunan wa ke kan takardar C of O (shaidar mallakar fili ta gwamnati), an jinginar da ita a banki ko a'a, akwai shari'a a kanta. In daga hannun wani mai C of O kake saye, cinikin bai cika a idon doka ba sai ka samu amincewar gwamna. Filin gado na dangi kuwa sai shugaban gidan da manyan 'ya'yan gidan sun sa hannu tare. Dokar jiha ta 2016 ta haramta ƙwacen fili da tatsar kuɗi irin na waɗanda ake kira omo onile, wato masu iƙirarin su ne 'ya'yan masu ƙasa, amma doka ba za ta hana a sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku ba in ba ka kewaye naka da wuri ba.

Ruwa shi ne abin da baƙo ke rainawa. Je ka ga wurin a Yuni ko Yuli, washegarin ruwa mai ƙarfi. Duba katangun maƙwabta, ambaliya takan bar zane a jikin fenti. Duba ko titi ya fi dandamalin gidan tudu, ko lambatun layin yana da mafita ko a tsaye ruwan yake. Yawancin yankin yashi ne da fadamar da aka cike, don haka gwajin ƙasa ya zama dole kafin a zana harsashi. Sakamakonsa ne zai nuna ko faffaɗan kankare zai wadatar ko sai an kafa turaku masu zurfi, kuma bambancin kuɗin na iya kai farashin filin kansa. Iskar gishiri tana cin rodi. In kankaren da ya lulluɓe shi bai kai kaurin kusan milimita 50 ba, tsatsa za ta kumbura ta fasa ginshiƙi. A tsohon gida nemi tsaga mai launin tsatsa a ƙarƙashin baranda. Buɗe famfo ma ka gani, ruwan burtsatse a nan yakan fito ja ko da ɗanɗanon gishiri, injin tacewa kuma kashe kuɗi ne na kowane wata. Gini mai hawa da yawa, nemi izinin gini ka ƙirga benayen da aka amince da su. Benen da ya rufta a titin Gerrard na Ikoyi a Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40.

Game da gaba, akwai abubuwan da ke jawo mutane da gaske: tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar Dangote, duka an ƙaddamar da su a 2023, da babbar hanyar Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024. Sai dai hanyar nan ta zo da rusau, kuma fili mai nisan kilomita 20 daga matata, babu titi babu wuta, ba ya cikin wannan alheri don kawai an sa hoton matatar a takardar talla. Ƙananan gidaje masu ɗaki ɗaya ko biyu kusa da wuraren aiki sun fi saurin samun ɗan haya, don albashi bai bi farashi ba. Manyan gidajen alfarma sukan daɗe a rufe, masu su na jiran baƙin da ke zuwa hutun Disamba.