Gajerun hanyoyin maɓallai a lissafin kanti: inda hannu ke yawan kuskure

Mai riƙe da lissafin kanti a Babbar Kasuwar Yamai ko a Katako, in ya iya maɓallai goma da kyau, faktir ɗin yini guda ba za su kai shi magariba ba. Sai dai yawancin ɓarnar da ake tararwa a ƙarshen wata daga saurin nan take fitowa, domin gajeriyar hanya ta dogara ga abu biyu da ba a cika dubawa ba: irin allon madannai da ke gabanka, da manhajar da ka buɗe.

A fara da allon. A Nijar iri biyu ne ke yawo. Akwai AZERTY na Faransanci, akwai kuma QWERTY da ke zuwa da kwamfutocin da aka shigo da su ta Nijeriya ko Dubai. A tsakaninsu A da Q sun yi musayar wuri, haka ma Z da W. Wanda yatsansa ya saba da Ctrl+Z na warware kuskure a QWERTY, in ya zauna gaban AZERTY ya danna wuri ɗaya, Ctrl+W ya danna, watau rufe takarda. Excel zai tambaya ko a adana, mai sauri ya ce a'a bai karanta ba, aikin safiya ya tafi. A manhajar lissafi ta Tally abin ya fi ciwo: Ctrl+A ne ke karɓar abin da aka shigar, Ctrl+Q kuma fita ne ba tare da adanawa ba, ga su nan su ne suka yi musaya. Wani lokaci ma allon bai sauya ba, Windows ce ta juya harshe don an taɓa Alt da Shift tare. Ka dubi ƙasan fuskar kwamfuta kusa da agogo, ko FRA ne ko ENG, ka mayar da maɓallin Windows da na tazara. In harshe ɗaya ake aiki da shi a kantin, a cire ɗayan gaba ɗaya.

Lambobin jeren sama na AZERTY sai da Shift. Ka nufi 2 ka ga é, ka nufi 7 ka ga è. Mai shigar da kuɗi duk yini ya yi aiki da rukunin lambobi na gefen dama, maɓallin Verr Num mai kunna lambobi a kunne. In kwamfutar hannu ce marar wannan rukuni, a sayi na USB, kuɗinsa bai kai asarar kuskure ɗaya ba.

Sai batun ɗigo, wanda ya fi kowane ɓoyewa. Mun saba rubuta jika goma sha biyar a takarda haka: 15.000. Excel da aka saita da Faransanci ba ya ɗaukar wannan a matsayin lamba, rubutu ne a wurinsa. Ka danna Alt da = don ya tara jeren, SOMME, dabarar tara lambobi, ya tsallake gidan da 15.000 yake shiru, babu gargaɗi, jimla ta yi ƙasa da kuɗin da ke cikin akwati, a fara kallon yaron kanti. Alamar a bayyane take: lamba tana jingina da dama, rubutu yana jingina da hagu. Ka rubuta 15000 tsirara, ka bar tsarin gidan ya raba dubbai. Haka kuma Alt da = yana tsayawa inda ya ci karo da gida fanko a tsakiyar jere, saboda haka kafin ka danna Entrée ka dubi iyakar da ya kewaye, ko daga layin farko ta soma.

F4 maɓalli ne mai fuska biyu. A ce harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari yana gidan B1, kayan 48000 suna C4. Ka rubuta =C4*B1, ya ba ka 9120 daidai. Ka kwafe zuwa ƙasa, layi na gaba ya zama C5*B2, B2 kuwa fanko, haraji ya fito sifili. Gyaran shi ne ka shiga gidan da F2, ka tsaya kan B1, ka danna F4 ya koma $B$1, sannan ka kwafe. Amma F4 a wajen gyaran gida maimaita aikin ƙarshe yake yi. In abin da ka yi na ƙarshe share layi ne, wani layin zai share. A manhajar lissafi ta Sage 100 kuma F4 jerin asusu yake buɗewa, ka zaɓi 411 na abokan ciniki, 401 na masu kawo kaya ko 571 na akwatin kuɗi ba sai ka haddace ba. In ka danna F4 ka ga haske ko sauti ne ya motsa, haɗa shi da Fn. Kada yatsa ya sauka kan Alt, Alt+F4 manhajar duka yake rufewa.

Harshen manhajar ma yana sauya ma'ana. Ctrl+D a Excel na Turanci kwafi ne zuwa ƙasa. A manhajar lissafi ta QuickBooks ta kwamfuta kuwa share faktir ko cak ɗin da ke buɗe yake yi. Kaurara rubutu Ctrl+B ne a Turanci, Ctrl+G a Faransanci. Jerin gajerun hanyoyi da aka kwaso daga intanet a gwada shi a kamfanin gwaji ko kwafin fayil tukuna.

Kwanan wata: a Excel, Ctrl da ; yana sa ranar yau ta zauna daram. AUJOURDHUI() kuwa kullum sabuntawa yake, faktir ɗin Janairu ka buɗe shi a Maris ya nuna Maris. A QuickBooks harafin T ne yau, + da - su kai ka gobe ko jiya. A Tally F2 ne ke sauya kwanan wata.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne zaton Ctrl+Z zai cece ka ko'ina. A Excel galibi yana aiki muddin ba ka rufe fayil ba. A manhajar lissafi, rubutun da aka riga aka tabbatar ba ya warwaruwa da maɓalli, kuma ƙa'idar SYSCOHADA ta lissafin kamfanoni da Nijar ke bi, wadda sabon tsarinta ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, ta tanadi yadda ake gyara kuskuren da aka gano cikin shekarar: a sake shigar da rubutun da alamar ragi, sannan a shigar da na daidai. In ka sa 84000 maimakon 48000 a asusun 701 na sayar da kaya, sai ka shigar da -84000 a asusun nan da kishiyarsa, kana 48000. Layi uku za a gani, kuma haka mai binciken haraji yake son ya gansu.

Ctrl+S kuwa, a watannin Afrilu da Mayu da wuta ke yawan ɗaukewa, a danna shi bayan kowane faktir. Shi dai fayil ɗin da ke buɗe kaɗai yake adanawa; kwafin ajiya na bayanan Sage ko Tally aiki ne daban, a yi shi kowace yamma kan abin ajiya na USB da ba ya kwana a kanti.