Darasi na 7: A Fitar da Lungu Kafin a Aza Tubali

A sabuwar unguwa kowa fulotinsa yake dubawa, lungu kuwa sai abin da ya rage. Ba a gane kuskuren sai ranar da aka ɗauko makara aka rasa inda za a juya da ita.

Tun kafin magini ya zo, masu filaye su taru gaban mai unguwa, wato jauro ko lawan, a kafa turaku a ja igiya. Faɗin motar kashe gobara ya kai mita 2.5, don haka kada lungu ya gaza mita 4 daga katanga zuwa katanga. In an sami mita 6 ya fi: mai kilando (babur ɗin haya) da mai amalanke su gifta juna, tsohuwa mai sanda ba ta manne da bango ba. Dakali da rumfar shago su tsaya bayan igiya. Taku ɗaya-ɗaya ake cinye lungu.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce babba. Mutanen Marwa, a arewacin Kamaru, sun san kogin Mayo Kaliyawo: da rani yashi ne zalla, a watan Agusta kuwa ya cika ya tumbatsa. Garin Garwa ya ga ambaliyar kogin Binuwai a 2012. Duk inda ruwa ya saba bi, zai dawo. A fita bayan ruwan sama mai ƙarfi a ga inda yake gangarawa, nan ne za a haƙa lambatu. Gangarensa ya zama santimita 1 a kowace mita, wato santimita 10 a mita 10. Ana auna wannan da tiyo mai haske da aka cika da ruwa, mutum biyu riƙe da bakinsa biyu. In gangaren ya gaza, ruwa ya kwanta, yashi da leda su toshe shi, sauro ya sami gida. Kuma daga ƙasa ake fara haƙa, wurin da ruwan zai fita, a hauro sama. Wanda ya jibge ƙasa a ƙofar gidansa shi kaɗai, maƙwabcinsa ya tura wa ruwan, rigima ce kawai ya saya.

Masai kuwa, dole ya yi nisan mita 30 da rijiya.

Inuwar titunan Marwa ta dogon yaro ce, wani ne ya dasa ya yi ta ban ruwa. A dasa da farkon damina, Yuni ko Yuli, a rami mai zurfin santimita 50, tsakanin itace da itace mita 7. A nisanta shi da katanga da lambatu, domin saiwarsa na tsaga siminti. A kewaye shi da ƙaya, in ba haka ba awaki su gama da shi.

Aiki: ku auna faɗin lungunku a wuri uku. Ku rubuta inda ya fi matsewa, da abin da ya matse shi.