Darasi na Shida: Cefane da Cin Abinci da Yaren Holan

To jama'a, yau kasuwa za mu shiga. Kafin komai ku riƙe kalma ɗaya, varken, ana faɗinta kamar "farken" don su v ɗinsu kusan f ce. Varken shi ne alade, vlees kuma nama, idan aka haɗa sai ya zama varkensvlees, haka suke manne kalmomi wuri guda har ta yi tsawo ta ba mutum tsoro, amma in ka raba ta gida biyu shi ke nan ka gane. Da wannan dabarar za ku karanta rundvlees naman shanu, lamsvlees naman ɗan rago, geitenvlees naman akuya. Kaza dai kip ce, kifi vis, ƙwai ei.

Sai dai alade ba kullum yake zuwa da sunansa ba. Spek da ham duk shi ne, kuma rookworst, wato sosej ɗin da suke ɗorawa kan stamppot, wato dankalin da ake daka shi da ganye lokacin sanyi, yawanci da naman alade ake yinsa. Don haka ku juya bayan leda ku nemi inda aka rubuta ingrediënten, wato kayan haɗi, ku bi da yatsa a hankali, babu mai korarku. In a gidan abinci ne ku tambaya: Zit er varkensvlees in? Ma'ana, akwai naman alade a ciki? Ni dai shawarata nama ku saye shi wajen mahauci, su suna ce masa slager, ku duba shagon da aka rubuta islamitische slagerij, yawanci Turkawa ne ko 'yan Maroko kuma suna nan birjik a Amsterdam da Rotterdam da Den Haag.

Sauran kayan ba wuya. Shinkafa rijst, burodi brood, gishiri zout, sukari suiker, mai olie, tumatir tomaat, dankalin turawa aardappel. Albasa ui ce, harafi biyu kacal amma sai ta wahalar da baki, ku saurari mai shago ku kwaikwaya kawai. Gyaɗa pinda, cuku kaas, abin dariya tunkuzar da suke shafa wa burodi sai suka ce mata pindakaas, cukun gyaɗa ke nan, kuma tana yin miyar taushe in ka samu wadda ba sukari. Madara melk, ai mun saba da madarar ƙasar Holan tun muna yara, kamfanin da ke yin Peak na Holan ne. Amma a kula da karnemelk, wadda galibi kwalinta ja ne, tsami gare ta kamar nonon da aka cire wa mai, ta dace da fura, a shayi kuwa sai ta tsinke ta ɓata maka safiya.

Awo kuma nan ake ruɗewa. A manyan kantuna irin Albert Heijn ko Jumbo ko Lidl komai a rubuce yake, amma a kasuwar fili irin Haagse Markt ko Dappermarkt za ka ji mai kaya yana ihu da pond da ons. Pond giram 500 ne, rabin kilo, ons giram 100. In kana son rabin kilo na albasa sai ka ce: Mag ik een pond uien, alstublieft? In farashi kake nema, Wat kost dat? Idan aka ce maka Pinnen? ana nufin da kati za ka biya. Korting ragi ne, gratis kyauta, sannan statiegeld kuɗin kwalba ne da ake mayar maka in ka mayar da kwalbar, santi 15 ƙaramar roba ko gwangwani, santi 25 babbar roba, kar ku zubar.

A gidan abinci in an kawo za a ce Eet smakelijk, a ci lafiya ke nan, in ya yi daɗi ka ce lekker, in ka gama ka ce De rekening, alstublieft a kawo lissafi.

Aikin gida: kowa ya rubuta cefanen dafa-duka da yaren Holan, kaya biyar tare da awonsu, sannan ya zo da ledar abinci guda ɗaya daga gida mu karanta bayanta tare ranar Asabar.