Yadda Mazaunin Karkara Zai Sayi Kaya ta Intanet Ba Tare da An Damfare Shi Ba

A garuruwa irin su Ringim, Gumel da Dambatta, yawancin cinikin intanet ba ya bi ta manyan kamfanoni. Mutum ne zai ga hoton atamfa ko na waya a WhatsApp ko Facebook, ya tura kuɗi, a saka masa kayan a mota. Haɗarin yana tsakanin fitar kuɗin da isowar kayan, don haka a nan ya kamata a fi sa ido.

Da farko, a nemi mai sayarwa ya yi kiran bidiyo yana riƙe da ainihin kayan, domin hoto ana iya ɗauko shi daga shafin wani. Idan ya ce shagonsa yana Kantin Kwari ko kasuwar waya ta Farm Centre, a tambayi layi da lambar shagon, sannan a roƙi wani ɗan gari da ke cikin birnin Kano ya je ya gani da idonsa. A ganina wannan ɗan zuwan ya fi kowace rantsuwa amfani. Wanda ya ƙi yarda a zo, ko ya dage cewa rangwamen na yau ne kawai, a bar masa kayansa.

Wajen biya, a duba sunan da ya fito bayan an shigar da lambar asusu mai alƙaluma 10. Idan ya saɓa da sunan mai sayarwa, kuma aka ce ai asusun ƙaninsa ne, a dakata. Zai fi kyau a ba da kafin alƙalami, a cika ragowar bayan kaya sun iso. Masu turawa ta hannun mai POS su sani cewa kuɗin daga asusunsa suke fita, saboda haka takardar da ya yago ita ce hujjarsu, kuma rubutunta yana gogewa da sauri, musamman a aljihu lokacin zafi. A ɗauki hotonta nan take.

Idan za a aiko kayan ta tasha, kamar ta Yankaba, a karɓi lambar direba da ta motar. A buɗe ƙunshin a gabansa ana ɗaukar bidiyo. Turmin atamfa yadi 6 ne, a warware a auna. Waya kuwa a danna *#06# a gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali.

In an yi rashin sa'a, kada kunya ta sa a yi shiru. A kai ƙorafi banki a ranar, a rubuce, tare da hoton rasit da na hirar da aka yi. Idan ta POS aka tura, a tafi tare da mai POS ɗin. Idan mako 2 ya wuce bankin bai warware ba, ana iya kai maganar sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Kayan jabu ko waɗanda suka saɓa da abin da aka tallata kuwa, hurumin hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya ne, wato FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma jihar Kano tana da tata hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya. Wanda ya karɓi kuɗi ya kashe waya, batunsa na 'yan sanda ne ko EFCC.