Yadda za ka fara gudun nesa a Accra, ko da tumbinka

Ni tela ne a Nima. Sama da shekara ashirin na yi a zaune gaban keken ɗinki kafin ranar da aka auna jinina aka ce ya hau. Washegari na fita titin Kanda da zafin kai, na sheƙa kamar wanda aka biyo. Ban cika minti huɗu ba na tsuguna bakin kwata ina haki, mai koko tana leƙo ni tana cewa, "Sannu Alhaji, lafiya dai?" Yau shekarata shida ina gudu, kuma sau biyu na kammala rabin marathon, wato kilomita 21.1. Abin da ya kai ni can shi ne koyon tafiya a hankali, a hankalin da har kunya yake ba mutum.

In kana da hawan jini, ciwon suga ko ƙirjinka na maka nauyi, fara ganin likita. Wannan ba a tsallake shi.

Sai ma'aunin sauri. In ba za ka iya amsa gaisuwa cikakkiya kana gudu ba, har da "ina gajiya, yaya iyali", to ka yi sauri da yawa. Makonni biyun farko yi sassarfa minti 1, tafiya minti 2, ka yi ta maimaitawa har minti 20, sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Daga nan ka riƙa ƙara gudun kana rage tafiyar. Ni ba na duba agogo ma, turakun lantarki nake ƙirgawa: uku a guje, biyu a tafe. Huhu yana saurin sabawa, amma gwiwa da agara sai an yi musu haƙuri na watanni, shi ya sa mutum yake jin ƙarfi a mako na uku ya ninka nisa, a na huɗu kuma yana ɗingishi.

Duk ranar da nisan ya yi mini yawa a ido, Terry Fox nake tunawa. Matashi ne ɗan Kanada da ciwon daji ya sa aka yanke masa ƙafar dama a 1977. A ranar 12 ga Afrilun 1980 ya tashi daga garin St. John's da ƙafar roba, da niyyar ratsa ƙasar don tara kuɗin binciken cutar. Kwana 143 ya yi a hanya, ya ci kilomita 5,373, kusan marathon guda kowace rana. Ba wanda ke iya gudun kilomita dubu biyar a tashi ɗaya. Na yau kawai ake yi, gobe a tashi a yi na gobe. Amma ka kula da ƙarshen labarin: da cutar ta kai huhunsa, kusa da Thunder Bay, tsayawa ya yi. Gajiya da nauyin cinya ana bi ta kansu. Suka a ƙirji, jiri, ko ciwon da ya tsaya wuri guda yana ƙaruwa da kowane taku, waɗannan tsayawa ake yi.

Takalmi kuwa, ba sai sabo ba. A kasuwar Kantamanto nake saye, gwanjo. Je ka da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa gudu da ita. Juya takalmin ka duba ƙasansa, in dunduniyar ta cinye gefe guda ajiye musu. Sa shi ka miƙe tsaye, ka tabbata faɗin babban yatsan hannunka ya shiga tsakanin yatsunka da bakinsa. Na farkon da na saya cif ya kama ni, na ɗauka kyau ke nan. Bayan wata guda farcen babban yatsana ya yi baƙi ya fita, mako biyu ina zuwa masallaci da ƙafa a naɗe.

Lokaci mafi kyau shi ne da an idar da sallar asuba. Ƙarfe takwas ta yi, zafi da gumin Accra sun riga sun kama gari. Sa farar riga don direbobi su gan ka, ka bi hannun hagu kana fuskantar motoci, domin trotro, wato ƙaramar bas ta haya, in ya hango fasinja ba ya neman izinin kowa, 'yan okada kuma sun fi shi. Cire abin kunne. Sha rabin ledar ruwa kafin ka fita, in gudun zai wuce minti 40 riƙe wata a hannu. Da hunturu, in ƙura ta yi kauri, rage nisa. Da azumi ni bayan tarawihi nake yin ɗan kaɗan.

Bayan wata biyu ko uku sai ka nemi tudu. Ranar Asabar da sassafe jama'a kan taru a Ayi Mensah su hau hanyar Aburi zuwa Peduase. Hawan ba ya kashe kowa in ka gajarta taku. Gangarowa ce ke cin gwiwa, don haka kar ka saki jiki.

Ka kuma nemi abokin gudu, wanda zai buga maka ƙofa ranar da bargo ya yi daɗi. Nawa makaho ne, ɗan unguwarmu, ya girme ni da shekara uku. Da ya ce in riƙa fita da shi na yi ta kame-kame, sai ya kawo mini zancen Henry Wanyoike na Kenya, wanda ya makance a 1995 ya kuma ci zinare a tseren mita 5,000 a gasar nakasassu ta Sidni a 2000. Na ɗinka mana 'yar igiya daga ragowar yadi, tsawonta bai kai kamu biyu ba, da madauki kowane gefe. In za ka yi wa makaho jagora, ku jera kafaɗa da kafaɗa, kar ka ja shi, kuma ka faɗi abu kafin ku iso shi: "kwata, taku uku, tsallaka", "tudun mota", "dama kaɗan". A harabar jami'ar Legon muka koya, inda akwai inuwa kuma motoci ba su da yawa da safe. Ranar farko na shagala da kallon hanyata na manta da tasa, reshe ya doke shi a goshi. Ya shafa wurin ya ce, "Ƙanena, cikinmu wane ne makahon?"

Shi ne kuma ya fara ba ni labarin Emmanuel Ofosu Yeboah, ɗan ƙasarmu da aka haifa da nakasar ƙafar dama, wanda ya yi sana'ar goge takalmi a nan Accra, sannan a 2001 ya hau keke ya tuƙa da ƙafa ɗaya fiye da kilomita 600 a cikin Ghana. Ni da nake cewa tumbi ne ya hana ni, sai na yi shiru.

In kun dawo kar ka zube a kujera nan take. Yi tafiya minti biyar, miƙa sharaɓa jikin bango, sha ruwa, sannan ka nufi mai koko. Ƙosai huɗu sun isa, waakye kuma bar shi sai ranar Aburi.