Yadda za ka bi sawun tuddan yashin bakin teku da hoton tauraron ɗan Adam

Tuddan yashin nan na bakin teku ba wuri ɗaya suke zaune ba, iska na ta tura su kaɗan kaɗan, kuma su ne ke tare ruwa kar ya afka cikin gari idan teku ya yi toroƙo, shi ya sa ya kamata a dinga sa musu ido. Hotunan kuma kyauta ne, kwamfuta da data kawai za ka nema.

Fara da zaɓen tauraro. Sentinel-2 na Turai an harba na farko a 2015, kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne a ƙasa, kuma kusan duk kwana 5 ana samun sabon hoton wuri ɗaya. Landsat na Amurka ɗigonsa mita 30 ne, bai kai wancan fitowa tas ba amma zai kai ka baya har 1984. Buɗe akawun a shafin sauke hotunan, Copernicus Browser ko EarthExplorer, zana akwati kan gaɓar da kake so, ka tace masu gajimare da yawa sannan ka sauke.

To ga inda mutane ke yaudarar kansu fa. Kar ka kwatanta hoton lokacin da ciyawa ta yi kore shar da na lokacin da ta bushe, za ka rantse yashi ya cinye wurin alhali ciyawar ce kawai ta ƙone. Ɗauki wata ɗaya a kowace shekara, kuma ka duba jadawalin cika da janyewar teku na ranar da aka ɗau hoton, don in ruwa ya janye bakin teku zai yi faɗi kamar an ƙaro yashi, bayan awa 6 ya sake rufewa.

Sai ka loda su a QGIS, manhajar aikin taswira, shi ma kyauta ne, ka lissafa NDVI, ma'aunin yawan koren tsirrai, da band 8 (hasken infrared) da band 4 (jan haske) na hoton Sentinel-2, wato ka cire band 4 daga band 8 ka raba da jimillarsu. Tsuran yashi zai ba ka lamba kusa da sifili, tsirrai kuma sama da haka sosai. Iyakar da ke tsakaninsu ita za ka zana wa layi a kowace shekara ka auna tazarar, ni na fi yarda da wannan layin kan layin ruwa saboda ba ya rawa da igiya.

Sai ka yi haƙuri kuma. Tudun Pilat na Faransa da ya haura mita 100 a tsayi 'yan mitoci kawai yake matsawa a shekara, bai ma cika ɗigo ɗaya ba, don haka hoton bara da na bana ba za su nuna maka komai ba, haɗa na shekara 8 ko 10. Tsayin tudu kuwa waɗannan hotunan ba sa auna shi, wannan sai da LiDAR (na'urar awo da hasken laser) ko jirgi mara matuƙi, ko ka taka da ƙafarka ka auna da GPS.