Motarka na shan ruwa: kurakuran da ke kashe inji

Na gaji da ganin mutum ya buɗe bonet kowace safiya, ya ɗauko jarka ya cika lagireto, ya rufe ya kama hanya, kamar haka aka ƙera motar. Ruwan inji a rufe yake zagayawa, daga inji zuwa lagireto ya dawo. Mota mai lafiya sai ta yi watanni ba ta nemi ƙari ba. In tana nema kullum, to akwai inda yake zuba, kuma aikinka shi ne ka gano wurin.

Wannan kuskuren na yi shi, na kuma ji a jikina. Tsohuwar Corolla ce, na yi kusan sati uku ina ƙara mata kofi guda kowace safiya, ina cewa sai na samu sarari. Ashe 'yar tsaga ce a hos ɗin ƙasa, daidai bakin kilif. Wata rana cikin Afrilu, rana tsaka, ina hanyar Zariya daga Kano, na ɗan wuce Kwanar Dangora, tsagar ta buɗe gaba ɗaya. Na ga allurar zafi ta haura da idona, amma na ce bari in ƙarasa inda akwai mutane. Ban yi kilomita biyar ba. Kan injin na alminiyom ne, zafi ya lanƙwasa shi, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Kuɗin hos ɗin da na ƙi canzawa bai kai abin da na biya aka ja motar zuwa gareji ba, balle aikin kan inji. Don Allah, in allura ta nufi ja, ka sauka gefen titi ka kashe inji a nan take. Babu "bari in ƙarasa".

Kuma kada ka taɓa murfin lagireto da zafinsa. Murfin nan yana riƙe matsi, yawanci 0.9 ko 1.1 a ma'aunin bar a motocin Japan, za ka gani a rubuce a kansa. Matsin ne ke hana ruwan tafasa ko ya wuce digiri 100. Kana buɗewa zai tafasa lokaci guda ya watso maka a fuska da hannu. Ni nakan jira aƙalla rabin awa, in matsa hos ɗin sama da tsumma, in ya yi laushi sannan in buɗe a hankali. Ruwan sanyi a cikin inji mai zafi kuwa yana iya tsaga ƙarfen.

Neman yoyo ba wuya, haƙuri yake so. Da daddare nakan shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban motar, da safe in ga inda ya ɗiga. In ruwan lagireto mai kala na kanti kake sawa, kore ko ja, za ka gane shi nan da nan, yana da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma inda ya bushe yakan bar farin tabo kamar gishiri. Ruwa garau da ke ɗiga bayan ka kunna na'urar sanyi ba yoyo ba ne, kada ka ta da hankalinka. Sai ka bi da tocila: bakin kowane hos, haɗin robar saman lagireto da ƙarfensa, da ƙasan famfon da ke zagaya ruwan inji inda akwai ɗan rami da ke tsiyaya in ya fara mutuwa. Ka taɓa kafet ɗin gaba, in da danshi, mai yiwuwa hita ce, wato na'urar ɗumama cikin mota, ke yoyo. Ka sake dubawa bayan inji ya ɗau zafi, domin wani yoyon sai da matsi yake fitowa. In ba ka ga komai a waje ba amma ruwa na raguwa, duba farin hayaƙi mai kauri a salansa, kumfa na tasowa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Wannan gasket ne, kada ka ƙara tuƙa ta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu zuba ɗanyen ƙwai, garin kwaki ko barkono wai don su toshe ɓula. Haba! Bututun lagireto sirara ne ƙwarai. Abin da ya toshe ɓular shi zai toshe su, ya bi ya toshe hita, bayan wata biyu mota ta fara zafi alhali ruwa a cike yake. Na taɓa tsayawa mai gyaran lagireto ya buɗe wata a gabana, rabin layukan sun cushe da wani abu kamar busasshen kunu. In ta ɓule a kai wa mai walda, in robar ce ta tsage a canza. Ko maganin toshe yoyo na kwalba, ni ba na sa shi sai in dare ya yi mini a daji.

In makaniki ya ce maka, "Alhaji, a cire tamostat, ƙasarmu zafi gare ta," ka ce masa ya nemo yoyon tukuna. Tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya ɗau zafi, na buɗewa wajen digiri 82 a Toyota da yawa, cire shi ba ya toshe ɓula, sai dai ya sa inji ya daɗe bai ɗau zafinsa ba, ya ƙara shan mai.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna kawo tsatsa da dauɗa mai daskarewa, ka sayi ruwa mai kala, kuma kada ka gauraya kala biyu. Ka ɓoye shi daga yara da dabbobi, guba ne mai zaƙi. Murfin da robarsa ta tsage a canza shi, ba shi da tsada. Sabon hos da tsohon kilif ba sa tafiya tare.

Bayan gyara a bar inji yana aiki, hita a kunne, har iska ta gama fita, fanka ta tashi ta tsaya da kanta. Ni sai na duba ruwan safiya uku a jere, inji na sanyi, kwalina a ƙasa, kafin in yarda in hau doguwar hanya.